Yadda wayar hannu ta zama tikiti da layi da aljihu a manyan wuraren shaƙatawa na duniya

A shekarar 2012 ne kamfanin Disney ya fara bai wa masu ziyara intanet na Wi-Fi kyauta a dandalinsa na Magic Kingdom da ke jihar Florida ta Amurka. A lokacin, mutane da dama sun ɗauki abin a matsayin ƙarin karamci ga baƙi, kamar famfon ruwan sha ko benci a inuwa. Wanda ya so aika hoto gida ya aika, wanda bai so ba ya bar wayarsa a aljihu.

Bayan shekara 10 da 'yan kai, lamarin ya wuce nan. A manyan wuraren shaƙatawa na Amurka da Turai da Asiya, a waya ake nuna tikitin shiga, a cikinta ake duba taswira, da ita ake kama layi da odar abinci, a wasu otal-otal ma ita ce mabuɗin ɗaki. Idan sabis ya ɗauke ko batir ya mutu, iyalin da suka shekara suna tara kuɗin tafiyar za su iya rasa wasan da yaransu suka fi ɗoki.

Wannan ne ya sa kamfanonin ke zuba maƙudan kuɗi wajen inganta intanet a harabobinsu. Sai dai gyaran ya zo da tambayoyi: wa ya fi cin moriyarsa, wa aka bari a baya, kuma me baƙo ke bayarwa a madadin intanet ɗin da ake cewa kyauta ne?

Daga takarda zuwa waya

Tun da aka buɗe Disneyland a Kalifoniya a watan Yulin 1955, babbar matsalar irin waɗannan wurare ita ce layi. Wasan da ya fi farin jini yana da iyakar mutanen da zai iya ɗauka a awa ɗaya, masu son hawa kuma sun ninka haka. Wanda ya tsaya awa biyu a rana yana jira, ba ya jin daɗi, ba ya kuma sayen komai.

A farkon lamari, littafin tikiti ake saya, kowane wasa da irin takardar da ake yagewa a ƙofarsa. An daina wannan a farkon shekarun 1980, aka koma biyan kuɗin shiga sau ɗaya. A 1999 Disney ya ɓullo da tsarin FastPass. Mutum zai je wata na'ura kusa da wasan, ta ba shi 'yar takarda mai ɗauke da lokacin da zai dawo ya shiga ta gajeren layi. Ba a biyan ko sisi, ba a kuma buƙatar waya.

Babban sauyin ya zo a 2013, lokacin da kamfanin ya sanar da shirin MyMagic+ a Walt Disney World na Florida, wanda rahotanni suka ce ya ci kusan dala biliyan 1. Shirin ya haɗa da manhajar waya da kuma wani awarwaron roba mai kama da agogo da ake kira MagicBand. A cikinsa akwai ƙananan na'urorin rediyo iri biyu. Ɗaya na aiki ne idan an taɓa awarwaron a jikin ƙofa ko na'urar biyan kuɗi. Ɗayan kuma yana aika sigina mai ɗan nisa, wadda eriyoyin da aka dasa a harabar ke kamawa. Da ita ne ma'aikatan wani gidan abinci a wancan lokacin ke gane teburin da mutum ya zauna su kai masa abincinsa, da ita ne kuma hoton da aka ɗauke shi yana kan wasa ke shiga asusunsa ba tare da ya nema ba.

A farkon 2014 aka janye takardun FastPass daga dandalolin Florida, aka koma kama layi ta manhaja. A wancan lokacin, masu kwana a otal-otal ɗin kamfanin na iya zaɓar wasanni uku tun kwana 60 kafin zuwansu. A 2017 aka ƙara odar abinci ta waya.

Annobar korona ta ƙarasa aikin. Da aka sake buɗe Walt Disney World a watan Yulin 2020, sai da mutum ya yi rajistar ranar zuwansa ta intanet, kuma odar abinci ta waya ta zama hanyar rage cunkoso a gaban kanta. Daga farkon 2021 aka daina bai wa baƙin otal awarwaron kyauta, aka kuma ba da damar waya ta yi aikinsa a ƙofar shiga.

Me ya sa samar da intanet a can ke da wuya?

Ƙiyasin da masana'antar ke dogaro da shi ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 17.7 ne suka shiga Magic Kingdom a 2023. Idan aka raba, ya kama kusan mutum 48,000 a rana, a filin da bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba, kuma kusan kowane babba na ɗauke da waya.

Wi-Fi rediyo ne, kamar yadda tashar gajeren zango take rediyo, kuma yana da tashoshin da ake rabawa. Tsohon zangon da aka fi sani, mai gigahaz 2.4, tashoshi uku ne kacal a cikinsa da ba sa shiga juna. Na'urorin da ke tasha ɗaya jiran juna suke yi, kamar masu magana a taro: idan kowa ya ɗaga murya a lokaci guda, babu wanda za a ji. Shi ya sa waya kan nuna cikakken sabis amma saƙo ya ƙi tafiya.

Akwai kuma jikin ɗan Adam. Mafi yawansa ruwa ne, ruwa kuwa na shanye irin wannan sigina. Eriyar da ta yi aiki sarai da asuba kafin a buɗe ƙofa, tana iya gazawa da dare lokacin da dubban mutane suka cunkusu a gaban fada suna kallon wasan wuta, kowa na son aika bidiyo. Jama'ar ma ba a tsaye suke wuri ɗaya ba. Da safe suna ƙofar shiga, da rana suna gidajen abinci, da yamma suna bakin hanyar fareti, idan ruwan sama ya sauko kuma sai kowa ya ruga cikin gine-ginen kankare da ƙarfe.

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne yawaita ƙananan eriyoyi masu ƙaramin ƙarfi, kowace ta kula da ɗan yanki, a haɗa su da wayoyin faiba da ke ƙarƙashin ƙasa. Haka kamfanonin sadarwa ma ke yi da sabis ɗinsu. Maimakon dogon turke ɗaya, sai su rarraba ƙanana a cikin harabar. A 2013 kamfanin AT&T ya ƙulla yarjejeniyar zama mai kula da sadarwar wayar hannu a dandalolin Disney na Amurka.

Sai dai dandalin shaƙatawa mafarki yake sayarwa. Ba ya yiwuwa a kafa turken ƙarfe a tsakiyar unguwar da aka gina ta yi kama da birnin tatsuniya. Don haka ake ɓoye eriyoyin a cikin fitilun titi, a bayan alluna, a saman rufi, ko a cikin duwatsun da aka ƙera da kayan da sigina ke iya ratsawa.

Sabbin fasahohi sun kawo sauƙi. Nau'in Wi-Fi 6 da ya fito a 2019 an tsara shi ne domin wuraren cunkoso, yana bai wa eriya ɗaya damar kula da wayoyi da yawa a lokaci guda. A watan Afrilun 2020 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta buɗe zangon gigahaz 6, abin da ya ƙara tashoshi masu yawa. A farkon 2024 aka fara tantance na'urorin Wi-Fi 7. Amma tsohuwar waya ba ta iya shiga sabon zango, don haka ba kowa ne ke ganin bambancin ba.

Layin da ba a gani

Da intanet ya wadata, sai layi ya tashi daga ƙafa ya koma cikin waya. Lokacin da aka buɗe wasan Rise of the Resistance a Florida a watan Disambar 2019, babu layin tsayuwa. Mutum zai danna maɓalli a manhaja a wani ƙayyadadden lokaci, a ba shi lambar rukuni, ya je yawonsa har a kira shi. Daga baya aka tsayar da lokutan a ƙarfe 7 na safe da ƙarfe 1 na rana. A ranakun cunkoso, guraben kan ƙare cikin daƙiƙoƙi. Wanda sabis ɗinsa ya ɗan yi nauyi ya rasa, ko da ya biya kuɗin shiga daidai da na kowa.

Abu na biyu da waya ta kawo shi ne sayar da gurbin layi. A 2017 Disneyland na Kalifoniya ya fara karɓar dala 10 a rana daga masu son kama layi ta manhaja. A watan Oktoban 2021 aka binne FastPass kyauta a Florida, aka maye gurbinsa da Genie+ a kan dala 15 ga kowane mutum a rana. Daga baya farashin ya koma hawa da sauka gwargwadon cunkoso, har ya haura dala 30 a lokutan bukukuwa. Disneyland na Paris ma ya koma tsarin biya a 2021.

Ƙorafi ya yi yawa. Iyaye sun koka cewa hutu ya koma aiki: tashi kafin ƙarfe 7 na safe, sannan a wuni ana leƙa waya ana neman gurbi, yara na jan riga. A 2023 shugaban kamfanin, Bob Iger, ya amince a bainar jama'a cewa mai yiwuwa sun ɗan wuce gona da iri a wasu farashin. A farkon 2024 aka soke rajistar ranar zuwa ga mafi yawan masu tikiti a Florida. A watan Yulin shekarar aka maye gurbin Genie+ da tsarin da ke ba da damar zaɓar wasanni kwanaki kafin tafiya. Wasu sabbin wasanni da aka fara da layin waya su ma an mayar da su layin tsayuwa.

Amma kyauta ba ta dawo ba. A watan Oktoban 2024 kamfanin ya ƙaddamar da wani tikiti na musamman mai bai wa mutum damar tsallake dogon layi sau ɗaya a kowane wasa, ba tare da zaɓar lokaci ba. A lokacin da aka ƙaddamar da shi, farashinsa a Magic Kingdom kan kai dala 449 ga mutum ɗaya a rana, ban da kuɗin shiga. Ma'ana, mai hali na iya biya a raba shi da wahalar leƙa waya baki ɗaya.

Kamfanonin na kare tsarin da cewa yana rarraba jama'a, yana rage cunkoso, yana kuma bai wa iyali damar cin abinci ko hutawa a lokacin da da suna tsaye a rana. Masu suka na cewa duk gurbin da aka sayar a gajeren layi, ƙarin jira ne ga wanda ke dogon layi, tunda kujerun wasan ba su ƙaru ba.

Wa aka bari a baya?

Binciken cibiyar Pew ya nuna cewa kimanin kashi 90 cikin 100 na manyan Amurkawa na da babbar waya, amma a tsakanin 'yan shekara 65 zuwa sama adadin ya sauko zuwa kusan kashi uku cikin huɗu. Mallakar waya daban, iya sarrafa manhaja cikin gaggawa daban. Kakar da ta kai jikokinta yawo tana fafatawa ne da matashin da ya kwana yana nazarin dabarun danna maɓalli.

Baƙin da suka zo daga wata ƙasa na da tasu matsalar. Data a layin gida na da tsada a ƙasar waje, don haka da yawa Wi-Fi na dandalin ne kaɗai madogararsu. Gurbin ƙarfe 7 na safe kuwa, a lokacin da ake wannan tsarin, ana nemansa ne kafin a buɗe ƙofa, lokacin da mutum ke masauƙinsa ko a hanya. Wannan ya shafi iyalai Hausawa mazauna Amurka da Birtaniya da ƙasashen Larabawa da ke kai yara irin waɗannan wurare a lokacin hutun makaranta ko na Sallah, musamman idan akwai dattijon da ya zo ziyara daga gida.

Sai batun tsabar kuɗi. Zuwa 2022, dandalolin kamfanin Cedar Fair na Amurka sun daina karɓar takardar kuɗi, suka kafa na'urorin da ke mayar da tsaba zuwa kati. Hukumar inshorar ajiyar bankuna ta ƙasar ta ƙiyasta cewa a 2023 kashi 4.2 cikin 100 na gidajen Amurka ba su da asusun banki.

Me ake biya da shi?

Duk eriyar da ke bai wa waya intanet tana kuma sanin cewa wayar na kusa da ita. Idan aka haɗa wannan da manhajar da ke ɗauke da suna da katin banki, kamfani na iya sanin ƙofar da mutum ya shigo, wasan da ya hau, abin da ya ci, da shagon da ya tsaya. Irin waɗannan bayanai na taimakawa wajen tura ƙarin ma'aikata inda jama'a suka taru, ko karkatar da mutane zuwa wasan da ba kowa. Su ne kuma ke nuna wa kamfani iya abin da baƙo zai yarda ya biya.

Yanzu ana matsawa daga waya zuwa jiki. Dandalolin Disney na Florida sun daɗe suna ɗaukar awon yatsa a ƙofa domin hana aron tikiti, kuma a 2021 an gwada fasahar gane fuska na ɗan lokaci a Magic Kingdom. Dandalin Universal na birnin Beijing da aka buɗe a watan Satumban 2021 ya fara ne da gane fuska a ƙofar shiga da wuraren ajiyar kaya da biyan kuɗi. Epic Universe da kamfanin ya buɗe a Orlando a watan Mayun 2025 shi ma yana amfani da hoton fuska wajen tantance baƙi.

Kotu ta taɓa shiga maganar. A jihar Illinois, wata uwa ta kai ƙarar kamfanin Six Flags saboda an ɗauki zanen babban yatsan ɗanta mai shekara 14 lokacin ba shi tikitin shekara, ba tare da rubutaccen izini ba. A watan Janairun 2019 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa ba sai mutum ya nuna cutarwar da ta same shi ba kafin ya nemi haƙƙinsa a ƙarƙashin dokar kare irin waɗannan bayanai. Daga baya kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 36 domin sasantawa. Amma ba kowace jiha ko ƙasa ke da doka mai haƙori irin wannan ba. Lambar sirri idan ta fita ana canza ta, fuska da yatsa kuwa ba a canza su.

Inda ake raba mutum da wayarsa

Abin mamaki shi ne, wuraren da suka sa waya ta zama dole su ne kuma ke tsoronta a kan jiragen lilo, wato taragun da ke gudu a kan dogo mai hawa da gangara da juyi. VelociCoaster na Universal da ke Orlando na kai gudun kilomita 110 a awa. Wayar da ta suɓuce a irin wannan gudu dutse ce ga wanda ke baya ko a ƙasa. Tun 2015 Universal ya sa na'urorin gano ƙarfe a ƙofar wasu jiragensa, kuma dole mutum ya kulle wayarsa a akwatin ajiya kafin ya hau. A shekarar ce kuma Disney ya haramta sandar ɗaukar hoton kai a dandalolinsa.

Wayoyin ma kan ruɗe. A 2022 kamfanin Apple ya fitar da iPhone 14 mai fasahar gane haɗarin mota, wadda ke kiran masu agajin gaggawa da kanta idan ta ji girgiza mai ƙarfi. Jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa cibiyar agajin da ke kula da dandalin Kings Island a jihar Ohio ta samu irin wannan kira har shida daga wayoyin masu hawa jirgin lilo, alhali babu haɗarin da ya faru. Dandalin Dollywood na jihar Tennessee ya kafa alluna yana gargaɗin baƙi a kan haka.

Me ya kamata mai niyyar zuwa ya sani?

Shirin na farawa ne tun daga gida. Ya fi kyau a sauke manhajar dandalin, a buɗe asusu, a haɗa tikitin kowa da kowa a ciki kafin ranar tafiya, sannan a ɗauki hoton tikitin a ajiye domin lokacin da sabis ya ɗauke. Taswira da hasken fuskar waya a cikin rana na cin batir, don haka batirin ko-ta-kwana da wayar caji sun zama kayan tafiya.

Wanda ya zo daga wata ƙasa zai fi samun natsuwa idan ya sayi layin data na ƙasar da ya sauka. Idan zai hau Wi-Fi, ya tabbatar da sunan na gaskiya daga ma'aikata, domin 'yan damfara kan buɗe na bogi mai suna makamancinsa a wuraren taruwar jama'a. Akwai kuma damar taƙaita wa manhaja sanin inda mutum yake zuwa lokacin da ake amfani da ita kaɗai, da damar tambayar ko akwai wata hanyar tantancewa ban da yatsa ko fuska.

Teburan kula da baƙi na nan, kuma ma'aikatansu na taimaka wa wanda ba shi da waya ko wanda manhaja ta gagara. Tsohuwar dabara ma ba ta daina aiki ba: iyali su tsayar da wurin haɗuwa idan an rabu, a rubuta wa yaro lambar wayar mahaifinsa a takarda a sa masa a aljihu.

Alamu na nuna cewa dogaro da intanet zai ƙaru. A 2023 Disney ya sanar da shirin zuba kimanin dala biliyan 60 cikin shekara 10 a dandalolinsa da jiragen ruwansa, kuma a watan Mayun 2025 ya ce za a gina sabon dandali a tsibirin Yas na Abu Dhabi. A Super Nintendo World da aka buɗe a Japan a 2021, awarwaron da ke haɗe da manhaja wani ɓangare ne na wasan kansa, ana kuma sayensa daban da tikitin shiga. Sai dai matakan da Disney ya janye a 2024 sun nuna cewa ƙorafin baƙi na da tasiri, idan ya fara taɓa aljihun kamfani.